Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Wace Amfilifaya Ce Ta Dace Da Sifika Mai Nauyin Baki?

 

Yau za mu ɗan ajiye zancen ƙa'idar rubutu da zubin labari, mu taɓa kayan sauti na cikin gida. Wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska? Kunne ne ya haɗa su. Da yawa daga cikinmu suna karanta littattafansu da murya su ɗora a YouTube. Wasu suna rubuta waƙa su rera. Wasu kuma alƙalaminsu ba ya gudu sai kalangun Shata ko kuntigin Ɗan Maraya na tashi a hankali a gefe. Duk mai irin wannan hulɗa da sauti, wata rana zai gaji da 'yar ƙaramar sifikar Bluetooth, ya yi sha'awar sifikoki biyu na ƙwarai, irin na akwatin katako da ake girkewa a falo, da amfilifayar da za ta tuƙa su. A daidai wannan gaɓar ake yawan asarar kuɗi, kuma a nan nake so in sa baki.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: sifika ce ke zaɓar amfilifaya. Idan taka mai nauyin baki ce, girman lambar wat da ke jikin kwali ba zai amfana maka komai ba. Abu biyu za ka nema. Na farko, rarar ƙarfi ta gaskiya da za ta ɗauki bugun da ke zuwa ba zato. Na biyu, juriya a lokacin da sifika ta buɗe baki tana neman wuta mai yawa. Amfilifaya mai wat 60 na gaskiya ta fi mai wat 5,000 na ƙarya nesa ba kusa ba. Bari in kawo hujjojina.

Wace ce mai nauyin baki?

A bayan kowace sifika ta kirki, ko a takardar da ta zo da ita, akwai wata lamba da haruffan dB ke biye da ita, kamar 85 dB ko 91 dB. Wannan shi ne ma'aunin amsawarta. Ana ba ta wuta bolt 2.83, a ajiye makirufo nesa da ita da mita ɗaya, a auna ƙarfin sautin da ta fitar da ma'aunin desibel. Wadda ta kai 90 ko ta haura, mai sauƙin baki ce, kaɗan za ka taɓa ta ta amsa. Mai 87 zuwa 89 tsaka-tsaki ce. Daga 86 zuwa ƙasa kuwa ita na kira mai nauyin baki, kamar mutumin da sai ka yi ta jan sa da hira kafin ya tanka.

Ga misalai na zahiri. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a Amurka a 1946 kuma har yanzu ana yin ta, tana kai wa desibel 105. Girmanta ya kusa na firji, kuma a kusurwar ɗaki ake girke ta. A ɗaya ɓangaren akwai LS3/5A, 'yar ƙaramar sifikar da injiniyoyin BBC suka tsara a Ingila a shekarun 1970 domin sauraron shirye-shirye a ƙuntataccen wuri irin motar ɗaukar rahoto. Tsayinta bai wuce kimanin santimita 30 ba, amsawarta kuwa wajen desibel 83 ce. Sai LS50 ta kamfanin KEF, wadda ta fito a 2012, mai desibel 85.

Kada a ɗauka nauyin baki aibi ne. Ciniki ne da masu ƙira suka yi da gangan. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a 1957. Ƙa'idar ta nuna cewa abu uku ba sa haɗuwa a sifika ɗaya: ƙaramin akwati, kaurin sauti mai zurfi, da saurin amsawa. Biyu za ka zaɓa, ka haƙura da ɗaya. Tun daga 1954, lokacin da Edgar Villchur ya fito da sifikar AR-1 mai rufaffen akwati, masu ƙira suka gane cewa mutane sun fi son akwatin da zai shiga falo ba tare da ya cinye rabin ɗakin ba, amma ya ba da dirin ganga cikakke. Abin da aka sadaukar shi ne saurin amsawa, aka ɗora wa amfilifaya nauyin cike giɓin. Shi ya sa yawancin ƙananan sifikoki masu daɗin sauti masu nauyin baki ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kuma zubar da ruwan ba kaɗan ba ne. Sifika mai desibel 85 ba ta mayar da ko kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da aka ba ta zuwa sauti. Sauran duk zafi yake zama a cikin siririyar wayar da ke naɗe a cikinta. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lissafin da kowa zai iya

Desibel ba ya tafiya kamar mudu da tiya, inda biyu ninkin ɗaya ne. Ƙa'idoji uku kacal za ka haddace.

Ta farko: duk ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wat sau biyu. Ta biyu: ƙarin desibel 10 yana buƙatar ninka wat sau goma, kuma a nan ne kunne ke jin kamar sauti ya ninka sau biyu. Ta uku: a fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da sifika, sauti na raguwa da desibel 6.

To mu gwada. A ce sifikarka mai desibel 84 ce, kujerarka tana nesa da ita da mita uku. Tazarar za ta cinye kusan desibel 10, saura 74. Tunda sifikoki biyu ne, ka ƙara 3, ya zama 77. Bangon ɗaki da silin suna maido da wani abu, a ƙiyasta 3, ya zama 80. Ke nan da wat ɗaya tak a kowace sifika, kana jin desibel 80 a kujerarka. Wannan sauti ne mai ƙarfi sosai, wanda sai mutum ya ɗaga murya kafin ka ji maganarsa da kyau.

Wani zai ce, ashe wat ɗaya ma ya isa, me ya sa ake ta hayaniya? Amsar tana cikin yadda sauti yake. Kiɗa ba ya tafiya a miƙe kamar ƙarar injin niƙa. Yana da kwari yana da tudu. Makaɗi na tafe a hankali, sai ya sauke hannu a kan ganga, ko 'yan amshi su karɓa gaba ɗaya. A ɗaukar sauti mai kyau, wanda ba a matse shi a situdiyo ba, irin wannan bugu kan haura matsakaicin sauti da desibel 15 har zuwa 20. Bugun ba ya daɗewa, ƙiftawar ido ce, amma dole amfilifaya ta biya shi nan take. Daga 80 zuwa 90, wat 10. Zuwa 93, wat 20. Zuwa 96, wat 40. Zuwa 100, wat 100. Ka ga mutumin da ke cin wat ɗaya a zaune, ga shi yana neman tsakanin wat 30 da 100 a lokacin bugu.

Da sifikar mai desibel 90 ce, wat 25 ya isa ya kai ta 100 ɗin nan. Da Klipschorn ce, ko wat ɗaya ba za ta cinye ba. Bambancin desibel 6 a bayan sifika na nufin ninkin wat sau huɗu a wajen amfilifaya. Wannan ce lambar da ya kamata ka fara dubawa kafin ka taka ƙafa zuwa kasuwa.

Lissafin nan yana kuma hana ka wata asarar. Tsakanin amfilifaya mai wat 80 da mai wat 100, bambancin desibel ɗaya ne, da ƙyar kunne ke kama shi. Idan mai shago ya ce ka ƙara kuɗi mai kauri domin wat 20 ɗin nan, ka riƙe kuɗinka. Ƙarin da ke da ma'ana shi ne ninki: daga 30 zuwa 60, daga 50 zuwa 100.

Turjiya: inda ƙaramar amfilifaya ke durƙushewa

Lamba ta biyu a bayan sifika ita ce mai alamar Ω, wato om. Ita ke nuna turjiyar da sifika ke yi wa wuta. Ka ɗauki tankin ruwa a saman gida. Tsayin tankin shi ne bolt, wato matsin da ke tura ruwan. Yawan ruwan da ke kwarara shi ne amfiya. Faɗin bututu kuwa shi ne om, sai dai a juye: ƙaramin om na nufin faffaɗan bututu da ke zuƙar ruwa da yawa.

Amfilifaya mai ba da wat 50 ga sifika mai om 8 tana tura bolt 20, amfiya 2.5 na kwarara. Ka haɗa mata sifika mai om 4, bolt ɗin bai canza ba, amma yanzu amfiya 5 ake nema, wato wat 100. Idan taransifomarta ƙarama ce, ba za ta iya biya ba. Ko dai matsin ya faɗi, ko ta ɗau zafi ta kashe kanta, ko wani abu ya ƙone.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, om ɗin da aka rubuta ƙiyasi ne kawai. Turjiyar sifika na hawa tana sauka gwargwadon kauri ko sirantar sautin da ke wucewa. KEF sun rubuta om 8 a LS50, amma su da kansu sun bayyana cewa takan sauka har 3.2. A wannan gaɓar, amfilifayar da muka yi misali da ita sai ta fitar da fiye da amfiya 6. Sifika mai nauyin baki kuma mai sauka ƙasa haka tana neman abu biyu a lokaci guda: matsi mai yawa da kwarara mai yawa.

Akwai kuma wani tarko a ma'aunin amsawar kansa. Bolt 2.83 daidai yake da wat ɗaya a om 8, amma wat biyu ne a om 4. Saboda haka sifika mai om 4 da aka rubuta mata desibel 87 a bolt 2.83, a haƙiƙa 84 take bayarwa a wat ɗaya. Mai nauyin baki ce ta sa rigar tsaka-tsaki. Duk lokacin da ka ga om 4 da bolt 2.83 tare, ka cire 3 kafin ka fara lissafi.

To ta yaya za ka gane amfilifaya mai juriya? Ka nemi lamba biyu a takardarta: wat ɗinta a om 8 da wat ɗinta a om 4. Ta ƙwarai takan ba da ninki ɗaya da rabi ko fiye a om 4, misali 60 da 90, ko 60 da 110. Idan lambobin biyu kusan ɗaya ne, taransifomarta ta ƙure. Idan kuwa ba a ambaci om 4 sam ba, ko aka rubuta a bayanta cewa om 8 zuwa 16 kaɗai za a haɗa, to ta faɗa maka gaskiya da bakinta. Ka yarda da ita.

Tarihi ya tabbatar da wannan. A 1978 kamfanin NAD ya fito da amfilifayar 3020, wat 20 kacal aka rubuta mata a kowane ɓangare. Ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi saye a tarihin kayan sauti na gida, kuma babban dalilin shi ne tana da rarar ƙarfi na ɗan lokaci, ba ta kuma durƙushewa idan om ya sauka. Ta kunyata da yawa masu lambar da ta ninka tata. Ba ina cewa wat 20 ya isa kowace sifika a kowane falo ba. Ina cewa lamba ɗaya ba ta bayyana halin amfilifaya.

Ƙaryar kwali

Yanzu mu zo kan wat 3,000 da wat 5,000 da ake rubutawa da jan fenti a jikin kwali, haruffan PMPO na biye. Babu wata tsayayyar hanya da aka amince da ita ta auna PMPO. Kowane kamfani da irin lissafinsa, wasu ma ba lissafin suke yi ba. Wannan cuta ba sabuwa ba ce. Ta yi ƙamari a Amurka har hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta kafa doka a 1974 da ta tilasta wa kamfanoni bayyana ƙarfin da amfilifaya ke iya riƙewa na dindindin, tare da om ɗin da aka auna a kai da yawan gurɓatar sautin.

Wannan shi ne wat na gaskiya, wanda ake yawan rubuta RMS a gefensa. Cikakken bayani yakan ƙunshi abu huɗu: wat nawa a kowane ɓangare, a om nawa, da gurɓata kashi nawa, kuma ɓangarorin biyu na aiki tare ko ɗaya ne kawai. Wat ɗin da aka auna a gurɓata kashi 10 cikin ɗari ba abin saurare ba ne, ihu ne. Ka nemi wanda aka auna a kashi ɗaya ko ƙasa da haka.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar ilimin lantarki: na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Ƙananan amfilifayoyin zamani, masu girman littafi, da adafta suke aiki kamar laftof. Ka juya adaftar ka karanta. Idan an rubuta bolt 24 da amfiya 5, ka ninka su, wat 120 ke nan. Ka raba biyu, ka cire abin da zafi zai ci, ba za ka samu 60 a kowane ɓangare ba, ko da kwali ya rantse da 300 da 300. Wasunsu suna ɗauke da ƙwaƙwalwa mai kyau ƙwarai, irin TPA3255 ta Texas Instruments, wadda ke iya ba da ƙarfi sosai. Amma sai an ba ta adafta mai wajen bolt 48 da wadataccen amfiya. Doki ne na ƙwarai da aka hana harawa.

Ƙarama ma tana kisa

Mutane da yawa sun ɗauka ƙaramar amfilifaya ita ce kwanciyar hankali, tunda ba ta da ƙarfin fasa sifika. A wajen mai nauyin baki, wannan tunani yana da haɗari. Sauti bai ishe ka ba, sai ka murɗa. Bai isa ba, ka ƙara. Amfilifaya ta kai maƙura ta shaƙe, ta fara aske kan kowane bugu. Wannan askin yana haifar da siraran ƙararraki masu kaifi da babu su a ainihin waƙar, kuma yana ɗaga matsakaicin wutar da ke shiga sifika. Wa ke karɓar wannan kaya? 'Yar ƙaramar sifikar sama mai fitar da siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tiwita. Wayarta siririya ce kamar gashi, 'yan wat kaɗan take ɗauka. Ka tuna mun ce kusan duk wutar zafi take zama. Sai ka wayi gari sautin ya dushe kamar an rufa wa mawaƙi bargo.

Babbar amfilifaya ma tana ƙona sifika idan aka yi ganganci, wannan ba gardama. Bambancin shi ne, babba mai tsabta tana ba ka sautin da kake so tun kafin ta gaji, don haka hannunka ba ya ta komawa kan mamurɗi. Alamar haɗari a ko'ina ɗaya ce: da zarar murya ta fara kaushi, kiɗa ya cunkushe, kunne ya fara gajiya, ka rage. Rigakafi ya fi magani, kuma tiwitar ainihi ta tsohuwar sifikar waje ba a cika samun ta a kasuwanninmu ba.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu na da ƙarfi.

Na farko zai ce: ni a ɗakin karatu nake saurare, sifikokin na kan tebur, mita ɗaya tsakaninmu, kuma ba na ƙure sauti. Wannan yana da gaskiya. Ya tsira da desibel 10 ɗin da tazara ke ci, wato buƙatarsa ta ragu kusan sau goma. Wat 20 zuwa 30 na gaskiya sun ishe shi har da rara. LS3/5A ma don irin wannan zama aka yi ta. Ta farko om 15 gare ta, ba ta zuƙar amfiya da yawa, ba ta kuma ɗaukar wat mai yawa. Wanda ya ɗora mata wat 200 yana son cika falo da ita, ya nemi abin da ba a halicce ta dominsa ba. Wannan hujja ba ta rushe magana ta ba, ta ƙarfafa ta ne: girman ɗaki da tazara suna cikin lissafi.

Na biyu zai ce: kunne ne alƙali, ba takarda ba. Na yarda kunne ke yanke hukuncin ƙarshe, amma kunne yana da rauni sananne. Idan aka kunna na'ura biyu, wadda ta ɗan fi ƙarfin sauti ita ke zama kamar ta fi daɗi, ko da bambancin kaɗan ne. Mai shago ya san wannan sarai. Ga hayaniyar kasuwa, ga janareta na ruri a bayan rumfa. Takarda ce ke tace maka waɗanda suka cancanci a saurare su, sannan kunne ya zaɓa a cikinsu.

Na uku zai ce: amfilifayar bawul, mai kwalaben gilashin nan masu haske, ta fi kowace daɗin murya. Masoyanta suna da yawa a duniya, kuma ba a banza ba. Sai dai irin mai kwalbar 300B guda a kowane ɓangare wajen wat 8 take bayarwa. Da sifika mai desibel 95 zuwa sama aure ne mai albarka. Da mai 84 kuwa auren dole ne, ba zai yi ƙarko ba.

Na huɗu zai ce: me zai hana a sayi mai sauƙin baki tun farko, ko sifikar da ke da amfilifayarta a ciki? Ga wanda bai riga ya saya ba, wannan shawara ce mai kyau. Musamman mai ɗaukar murya yana tacewa a kwamfuta, sifikokin situdiyo masu amfilifaya a ciki sun ɗauke masa wannan ciwon kai, domin masu ƙirar sun riga sun daidaita su. Maganata ga wanda ya riga ya mallaki mai nauyin baki ce, ko ya ji sautinta ya kamu.

Wutarmu, zafinmu, ƙurarmu

Yawancin kayan nan an ƙera su ne domin ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wuta. Namu yanayin daban ne, kuma dole ya shiga cikin zaɓi.

Wutar gida a Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. Ta Japan 100 ce, ta Amurka 120. Kayan gwanjo kuwa a gauraye suke zuwa. Kafin ka soka filogi, ka karanta bayan na'urar. Idan ta Japan ce ko ta Amurka, sai da taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya haura buƙatarta. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Sannan amfilifayoyi aji-aji ne. Ajin A yana ɓarar da mafi yawan wutar da ya sha a matsayin zafi, ko ana kiɗa ko ba a yi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wannan murhu ne ka ajiye a ɗaki. Ajin AB, wanda yawancin tsofaffin amfilifayoyi ke ciki, tsaka-tsaki ne, kuma masu gyaranmu sun san cikinsa. Ajin D yana amfani da kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ya sha, ba ya zafi sosai, ba ya da nauyi. A da ana raina shi, amma aikin kamfanoni irin Hypex na ƙasar Holan da Purifi na Denmak ya nuna cewa yana iya gogayya da kowa wajen tsabtar sauti. Ga mai dogaro da sola da batir, kuma sifikarsa mai cin wuta ce, ni ajin D mai adafta ta ƙwarai zan nuna masa. Ga mai son abin da za a iya gyarawa a unguwa, ajin AB.

A tsohuwar amfilifaya mai taransifoma, nauyi shaida ne. Ka ɗaga ta. Idan ta yi shafal kamar kwalin biskit amma tana iƙirarin wat ɗari-ɗari, akwai magana. Wannan gwaji bai shafi ajin D ba. Ka kuma sani cewa inbata mai arha, wadda wutarta ba sumul take ba, takan sa taransifoma gurnani da zafi. Ƙaramin janareta kuma wutarsa na hawa da sauka. Sitabilaiza ba ado ba ce a nan. Ka bar sarari a saman na'urar iska ta wuce, kada ka ɗora mata dikoda, kuma bayan hunturu ka sa a busa mata ƙura.

Wani abin da ake yawan yi a gidajenmu shi ne jona sifikoki huɗu a amfilifaya ɗaya. Idan ka haɗa masu om 8 guda biyu a baki ɗaya, sun zama om 4. Masu om 4 guda biyu sun zama om 2, kuma amfilifayoyin gida kaɗan ne ke tsira daga wannan.

Idan za ka fita saye

Ka rubuta lamba uku a takarda: desibel ɗin sifikarka, om ɗinta, da tazarar kujerarka. Ga mai desibel 83 zuwa 86 a matsakaicin falo, ka nemi wat 60 zuwa 100 na gaskiya a om 8, da lamba mafi girma a om 4. Wannan bai yi nisa da abin da KEF suka ba da shawara ga LS50 Meta ta 2020 ba, wato wat 40 zuwa 100. Ga tebur ko ƙaramin ɗaki, 25 zuwa 50 sun wadatar.

Kada ka yi cinikin biri a sama. In da hali ka tafi da sifikokinka, ko ka yi yarjejeniyar gwadawa a gida. Ka tafi da sautin da ka sani kamar tafin hannunka, ɗaya na murya zalla, ƙira'a ko karatun labari, ɗaya mai ganga. Ka bar ta ta yi aiki rabin sa'a, sannan ka taɓa samanta. Ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya iya jurewa gargaɗi ne. Idan ta gwanjo ce, ka sa mai gyara ya ɗora mita a bakin da ake jona sifika kafin a jona komai, ya tabbatar babu tsayayyar wuta da ke zuba. Ka kuma raba kuɗinka da adalci. Wanda ya zuba komai a sifika ya bar wa amfilifaya canji, ya sayi amalanke babu shanu.

Abu na ƙarshe ya fi duk na baya muhimmanci. Rarar ƙarfin da nake ta kira dominta ta bugu ce, ta ƙiftawar ido, ba izinin ƙure sauti ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar saurare ga baligi a desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Tiwita idan ta ƙone ana iya neman wata. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Marubuci kuwa da kunne yake kama karin harshen mutane kafin ya zuba shi a takarda. Ga kuma haƙƙin maƙwabci, wanda bai nemi ka saurarar da shi ba.

A nan zan dasa aya. Masu gyaran lantarki da ma'aikatan situdiyo da ke cikinmu, filin naku ne, ku ƙara mana da abin da kuka gani a bakin aiki. Wanda kuma yake da sifika yana shakkar abin da ya dace da ita, ya rubuto lambobi ukun nan a ƙasa, mu yi lissafin tare.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya tsare mana ji da gani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.